Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Naɗin Ministoci da Lokacin Ƙulla Ciniki Tsakanin Ƙasashe, Yadda Abin Ya Shafi Ƙasar Gobir

Gabatarwa

Gulbin Maraɗi yana tasowa ne daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya ya shiga Jamhuriyar Nijar, ya ratsa Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya karkato ya komo Nijeriya ta wajen Sabon Birni, inda yake haɗuwa da sauran ruwayen da suka zama gulbin Rima. Watau sau biyu yake ƙetare iyaka kafin ya kai Sakkwato. Mutanen da ke zaune bisa fadamarsa, tun daga Tsibiri da Gidan Rumji har Sabon Birni da Gangara da ƙasar Isa, yawancinsu Gobirawa ne, harshensu ɗaya, aurensu ɗaya, kasuwarsu ma ɗaya ce. Amma takardar shaidar ɗan ƙasa ta raba su biyu, saboda haka cinikin da Bagobirin Gangara zai yi da ɗan kawunsa na Gidan Rumji, ko da buhun gero ne guda, a idon doka ciniki ne tsakanin ƙasa da ƙasa.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a nuna wani abu da ya auku sau biyu cikin shekara huɗu, wanda kuma ba a cika lura da shi ba. A 2019 da kuma 2023, manyan shawarwarin da suka buɗe ko suka rufe ƙofar cinikin wannan yanki an yanke su ne a daidai lokacin da kujerun ministocin da abin ya shafa suke fayau, ba kowa bisansu. Ra'ayin da za a kafa hujja a kansa shi ne, wannan ba tsautsayi ba ne. Aibi ne da ke cikin yadda ake tsara lokacin naɗin muƙamai a Nijeriya, kuma mutanen bakin iyaka su ne suke fara biyan bashinsa.

Yadda iyakar ta samu

Ya kamata a ɗan waiwayi baya, domin ita kanta iyakar ɗiyar ciniki ce. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawa suka kafa Tsibiri, daga baya kuma, wajen tsakiyar ƙarni na 19, Ɗan Halima ya ɓalle da jama'arsa ya kafa Sabon Birni. Wannan rabuwa ta cikin gida ce, ba ta hana kowa cin kasuwar ɗan'uwansa ba. Rabuwar da ta zama iyaka ita ce ta Turawa. A yarjejeniyar 1898, Ingila da Faransa suka zana da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, suka ci gaba da layi zuwa gabas, ta yadda Ƙonni da Tsibiri da Maraɗi duk suka faɗa rabon Ingila. Da Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu daga kogin Kwara zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyi, sai suka nemi a sake zama. Dama ta samu a 1904, sa'ad da ƙasashen biyu suke sasanta rigingimunsu na duniya baki ɗaya. Faransa ta saki tsohon haƙƙinta a gaɓar masunta ta tsibirin Newfoundland, can wajen Kanada, Ingila kuwa, cikin abubuwan da ta biya da su, ta yarda aka janyo iyakar nan kudu. Aka ƙara gyara ta a 1906, aka bi ta da turaku tsakanin 1906 da 1908. Ashe dai abin da ya raba Tsibiri da Sabon Birni har da batun kifi, kifin da Bagobiri bai taɓa ci ba.

Abin lura a nan shi ne, ranar da aka yanke wannan shawara ba ta da wata dangantaka da buƙatar Gobir. Lokacin Landan da Paris aka bi. An samu mulkin kai, amma wannan ɗabi'a ta bin agogon wani wuri ba ta gushe ba, sai dai agogon ya tashi daga Landan ya koma Legas, daga nan ya koma Abuja. A watan Afrilu na 1984, alal misali, gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki domin canjin kuɗi, aka bar su a rufe har 1986, rufewar kuma ta zo daidai da babban fari. Har yau akwai wuraren da ake kiran yunwar wannan shekara da sunan Buhari a ƙasar Nijar.

Ayari da madugu

Hausawa ba baƙi ba ne ga cinikin ƙasa da ƙasa, kuma tsarin fatauci na da yana da abin da zai koya wa na yanzu. Ayarin da zai tafi Gwanja neman goro ba ya tashi sai yana da madugu, kuma tun kafin ranar tashi kowane falke ya san ko wane ne. Madugu shi ne mai magana da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu, shi ke daidaita garama da kuɗin fito, shi ke sanin inda za a yi zango da inda za a yi sauri. In an yi asara a hanya, an san ƙofar da za a tsaya a yi tambaya. Haka nan ba a tashi sai ruwa ya ɗauke, domin an san lokacin da gulabe ke cika. Ke nan abu biyu fatake suka tsare, watau a san mutumin da ke da alhakin magana, a kuma san lokacin da ya dace da tafiya. Da a ce wani attajiri ya saki ayari ya ce za a naɗa madugu bayan an ƙetare Kwara, da ba wanda zai ɗora kaya bisa jakinsa.

A tsarin mulkin zamani, ministan ciniki da ministan harkokin waje da jakadu su ne madugai. To sai a duba yadda ake naɗa su. Tun 1999 ake rantsar da shugaban ƙasa ran 29 ga Mayu, majalisar ministoci ta baya kuwa takan rushe kafin wannan rana. Tsarin mulki ya wajabta a ɗauko minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha, saboda haka kafin a fitar da suna guda sai an sha fama da gwamnoni da iyayen jam'iyya da waɗanda suka ɓata dukiyarsu a yaƙin neman zaɓe. A 2015 sai da aka kai 11 ga Nuwamba kafin a rantsar da ministoci, watau kwana 166. A 2019 da 2023 kuwa, duka biyun ran 21 ga Agusta aka yi, kwana 84 cif, mako goma sha biyu. Wannan tazara ta kama tun daga shuka har zuwa tsakiyar marka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, hatsi ya yi tsada, mutanen iyaka kuma suka fi kowane lokaci buƙatar hatsi ya motsa daga inda yake zuwa inda babu.

Shekarar 2019

Ran 21 ga Maris, 2018, ƙasashe 44 suka sa hannu a Kigali bisa yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka. Nijeriya ba ta cikinsu, domin shugaba Buhari ya fasa tafiyar ana gab da tashi, bisa dalilin cewa ba a gama jin ta bakin masu masana'antu da ƙungiyar ƙwadago ba. Wannan dalili ba abin rainawa ba ne. Ƙasar da ta fi kowace yawan jama'a a nahiyar tana da ikon ta tsaya ta ƙirga abin da za ta samu da abin da za ta rasa. Abin da ya kawo magana shi ne ranar da aka ga damar sa hannun. Sai da aka gama zaɓe, aka rushe majalisar ministoci, sa'an nan ran 7 ga Yuli, 2019, shugaban ya je Yamai ya sa hannu, alhali ƙasar ba ta da ministan ciniki, ba ta da na harkokin waje, ba ta da na kuɗi wanda hukumar kwastan ke ƙarƙashinsa. Sunayen ministoci ma ba a aika da su Majalisar Dattawa ba sai ran 23 ga watan.

Kwana 44 bayan wannan sa hannu, ran 20 ga Agusta, aka rufe iyakokin ƙasa. Kashegari aka rantsar da ministoci. Watau ministan ciniki na wancan lokaci, Niyi Adebayo, ya shiga ofis ya tarar an ɗaure ƙasar da alkawarin buɗe ƙofa wanda ba ya wurin da aka yi shi, an kuma garƙame ƙofar da umurnin da ba a yi shawara da shi ba. Bugu da ƙari, a watan Satumba Allah ya yi wa Jakada Chiedu Osakwe rasuwa, wanda shi ne babban mai shiga tattaunawar ciniki a madadin Nijeriya, shi ne kuma ya shugabanci zaman ƙwararrun da suka tsara yarjejeniyar ta Afirka. Cikin wata uku ke nan aka ƙulla, aka warware, aka kuma rasa wanda ya fi kowa sanin bakin zaren.

Hujjar da aka bayar ta rufewar ita ce fasa-ƙwaurin shinkafar waje da makamai, da kuma fitar da man fetur. Babu mai musun cewa ana yi. Shinkafar da ake saukewa a Kwatano ta fi ƙarfin cikin mutanen Benin, kowa kuma ya san inda take nufa, wata ta Seme, wata ta zagayo ta Maraɗi. Amma akwai wurin da aka tanada domin irin wannan ƙara. Tun 1971 Nijeriya da Nijar suke da hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai, tun 1979 kuma ƙungiyar ECOWAS ta amince da walwalar jama'a da ta amfanin gona tsakanin ƙasashenta. Zaman da ya haɗa ministocin Nijeriya da Benin da Nijar bisa wannan batu sai ran 14 ga Nuwamba aka yi shi a Abuja, kusan wata uku bayan an rufe. An fara da hukunci, sa'an nan aka nemi zaman shari'a.

Shinkafar Kwatano aka nufa, amma ba ita kaɗai sandar ta sama ba. Cinikin ƙasar Gobir ba na jiragen ruwa ba ne. Gero da dawa da masara su hau arewa, wake da albasa da kanwa da bisashe su gangaro kudu, wani lokaci kuma abin ya juya gwargwadon inda damina ta yi kyau. Jar akuyar nan da littattafan Nijeriya ke kira ta Sakkwato, na Nijar kuma suke kira ta Maraɗi, akuya ɗaya ce, kuma ba ta san ta zama kayan fito ba. A watan Oktoba hukumar kwastan ta bayyana cewa an hana shiga da fitar kowane irin kaya ta ƙasa, halal da haram. A watan Nuwamba kuma ta hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Duk wanda ya san fadama ya san Nuwamba shi ne watan da ake ta da injin ban ruwa domin dashen albasa da sauran kayan lambu. Umurnin da aka rubuta domin mai safarar jarka, sai ya faɗa kan mai lambu, ya koma sayen mai a hannun 'yan bumburutu, watau mutanen da aka ce ana yaƙa. Da akwai wanda ya san kalandar manomi a wurin da aka yanke shawarar, da ko bai hana ba ya nemi a ware masa kasonsa.

Wani abin da ya ƙara wa miki gishiri shi ne, a wannan shekara ce dubban mutanen Sabon Birni da Isa da maƙwabtansu suke gudun 'yan bindiga suna ƙetarawa jihar Maraɗi, musamman ƙasar Gidan Rumji. Ƙasar da ta karɓi 'yan gudun hijirar Nijeriya ita ce aka tsare wa hanyar hatsi.

Ba a fara buɗewa ba sai ran 16 ga Disamba, 2020, bayan wata goma sha shida. Ranar ma ba manomi ya zaɓe ta ba. An tsai da 1 ga Janairu, 2021, a matsayin ranar fara ciniki ƙarƙashin yarjejeniyar Afirka, Nijeriya kuma ta miƙa takardar amincewarta a farkon Disamba, ba ta kuwa da fuskar da za ta shiga kasuwa da ƙofa a kulle. Ƙofofi huɗu aka buɗe, Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Jibiya da Kamba sai a watan Afrilu na 2022. Hanyoyin da Gobirawa ke bi tsakanin Sabon Birni da Maraɗi ba su cikin waɗanda aka ambata.

Shekarar 2023

In ana iya cewa na farko kuskure ne, na biyu ya nuna cewa tsari ne. A watan Maris na 2023 aka yi wa tsarin mulki gyara, aka wajabta wa shugaban ƙasa ya miƙa sunayen ministoci cikin kwana 60. Gyaran ya tsaya ga suna kawai, bai ce a faɗi ma'aikatar da kowa zai riƙe ba, bai kuma sa ranar rantsarwa ba. Shugaba Bola Tinubu ya hau ran 29 ga Mayu, ya zama shugaban ECOWAS ran 9 ga Yuli. Ran 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai. Kashegari, 27 ga wata, aka karanta rukunin farko na sunayen ministoci a Majalisar Dattawa. Ran 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja, suka rufe iyaka da Nijar, suka tsai da ciniki da hada-hadar kuɗi, suka ba da wa'adin mako guda tare da barazanar yaƙi, Nijeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take sayar wa Nijar. Duk wannan an yi shi ne babu ministan harkokin waje, babu na tsaro, babu na ciniki, babu na wutar lantarki. Sojojin da suka yi juyin mulki ma sun riga Nijeriya kafa majalisar ministoci, domin tasu ta fito kafin tsakiyar Agusta.

Ba batun wannan maƙala ba ne ko juyin mulki ya halatta, domin bai halatta ba. Batun shi ne, takunkumi shi ma ciniki ne, tayi ne da ake yi wa abokin magana, kuma mai tayi yana buƙatar wanda zai bi masa kan maganar. Da yake babu madugai, sai aka shiga aro. Aka tura Janar Abdulsalami Abubakar tare da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, Muhammadu Sanusi na Biyu ya je ya gana da Janar Tiani, ayarin malamai shi ma ya je. Lalle waɗannan bayin Allah sun yi aikin da ya sanyaya wuta, kuma zuwansu ya nuna cewa zumuncin da ke tsakanin ƙasashen biyu ya fi na takarda ƙarfi. Amma basarake da malami ba su da ikon su ce a bar motar hatsi da magani ta wuce ta Illela, ba su kuma da ofishin da za a koma wa gobe a ci gaba daga inda aka tsaya.

Kamar wannan bai isa ba, ran 2 ga Satumba, 2023, kwana goma sha biyu bayan rantsar da ministoci, gwamnati ta kira jakadun Nijeriya su komo gida, in ban da wakilanta a Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba a fara aika sunayen waɗanda za su gaje su ba sai ƙarshen Nuwamba, 2025. A cikin wannan tazara ta fiye da shekara biyu, ga abin da ya gudana. A watan Janairu na 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ba da sanarwar ficewa daga ECOWAS, ficewar kuma ta tabbata ran 29 ga Janairu, 2025. Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren iyaka ran 13 ga Maris, 2024, bayan wata bakwai da rabi, Nijar ta biyo baya da 'yan kwanaki. A watan Oktoba na 2024 Nijar ta hana fitar da gero da dawa da wake da sauran hatsi zuwa ko'ina sai ƙawayenta biyu. A watan Maris na 2025 ƙasashen uku suka ɗora harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari bisa kayan da ke shigo musu daga waje. A watan Mayu na wannan shekara, ana gab da layya, Nijar ta dakatar da fitar da bisashe. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan magana ce ta jakada, wadda ake farawa da raɗa tun kafin ta zama doka, kuma kowane ɗaya an ji shi a kasuwannin Sabon Birni da Isa da Shinkafi. Gaskiya ne ministan harkokin waje na lokacin, Yusuf Tuggar, ya je Yamai a watan Afrilu na 2025, aka yi alkawarin farfaɗo da hukumar haɗin gwiwa. Sai dai baƙon yini guda ba ya zama maƙwabci.

Abin da masu kare tsarin ke faɗi

Akwai masu cewa rashin minista ba ya tsai da aiki, domin manyan sakatarori suna nan. Shi kansa shugaba Buhari ya taɓa nuna haka a 2015, inda ya ce ma'aikata ke aiki, ministoci kuwa yawancin nasu surutu ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma rayuwar Osakwe shaida ce cewa ƙwararren ma'aikaci yana iya ɗaukar nauyin da ya fi na ministoci da yawa. Amma babban sakatare an horar da shi ne ya aiwatar, ba ya musa wa shugaba ba. Ba ya zama a majalisar zartarwa a matsayin mai ƙuri'a, ba shi da jihar da zai koma a tare shi da tambaya, kuma takwaransa na wata ƙasa ya san cewa maganarsa ta riƙon ƙwarya ce, sai ya saurare shi da ladabi ya jira mai wurin. Surutun da aka raina kuwa shi ne amfanin minista. A 2023, muryar da ta fara cewa a yi hattara daga cikin hukuma ta sanatocin Arewa ce, waɗanda jihohinsu ke bakin iyaka, Majalisar Dattawa kuma ta ƙi goyon bayan yaƙi ran 5 ga Agusta. Wannan surutu ne, da kuma an same shi a ɗakin shawara kafin 30 ga Yuli, da ya fi araha.

Akwai kuma masu cewa ko da ministoci suna nan, shugaban da ya ƙudura niyya ba ya fasawa. Mai yiwuwa ne. To amma ko ba a fasa ba, akwai bambanci tsakanin rufewa da rufewa. Ana iya ba da sanarwar wata guda domin albasa da tumatirin da ke bisa hanya su isa, ana iya ware hatsi da magani da bisashe, ana iya faɗin sharaɗin da in an cika za a buɗe. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne aikin ma'aikatar ciniki, su ne kuma bambancin da ke tsakanin ɗan kasuwar da ya yi asarar riba da wanda ya yi asarar jari.

Ba Nijeriya kaɗai ke da wannan ciwo ba. Ƙungiyar ciniki ta duniya ta zauna wata shida ba shugaba, daga ƙarshen Agusta na 2020 zuwa 1 ga Maris, 2021, saboda gwamnatin Amurka ta wancan lokaci ta ƙi amincewa da Ngozi Okonjo-Iweala, sai da mulki ya canja hannu a can aka naɗa ta. Kotun ɗaukaka ƙara ta ƙungiyar kuwa ta daina aiki a watan Disamba na 2019 domin an hana naɗa alƙalai. Bambancin shi ne, Amurka da gangan ta bar kujerun fayau, tana amfani da rashin naɗi a matsayin makami. A Nijeriya ba dabara ba ce, rabon muƙamai ne bai ƙare ba.

Kujerar da aka bari

Mutanen Gangara sun san ma'anar kujera fayau fiye da masu nazarin siyasa. A watan Nuwamba na 2021 jaridu suka ba da labarin cewa 'yan bindiga sun naɗa nasu masu gari a Gangara da Makwaruwa, suna yanke hukunci, suna ɗora haraji, suna ba da izinin noma da cin kasuwa. Hukuma ta musanta. Ko yaya zancen naɗin yake, harajin da ake ɗora wa ƙauyukan wannan yanki ba ɓoyayye ba ne. Haka lamarin yake a bakin iyaka. Rufe Illela bai hana buhu ƙetarawa ba, sai dai ya ɗauke shi daga babbar mota ya ɗora shi bisa babur da raƙumi, ya fitar da shi daga kwalta ya sa shi hanyar daji, inda mai karɓar kuɗin fito ba ya ba da rasit. Ba a ce rufe iyaka ne ya haifi 'yan bindiga ba, domin sun riga shi. Amma duk cinikin da gwamnati ta ƙi zama ta daidaita, akwai wanda zai daidaita shi da bakin bindiga, kuɗin kuma daga aljihun talaka yake fita.

Gyaran da ake buƙata ba mai wuya ba ne, in an so. Mafi muhimmanci shi ne a cika gyaran 2023, a wajabta cewa kowane suna ya zo da ma'aikatarsa, domin Majalisar Dattawa ta daina tantance mutum ba ta san ko asibiti za a ba shi ko kwastan ba, ta kuma daina cewa wasu su rusuna su wuce. Tsakanin zaɓe da rantsarwa akwai watanni, waɗanda sun isa a fafe gora, a ce ministocin harkokin waje da ciniki da kuɗi da tsaro sun kama aiki cikin makon farko, ko da sauran za su jira rabon jihohi. Jakadan da ke maƙwabciyar ƙasa irin Nijar kuwa bai kamata ya bar wurinsa ba sai magajinsa ya iso, kamar yadda mai gadi ba ya tashi sai mai karɓarsa ya zo. Ofishin tattaunawar ciniki da aka kafa a 2017 shi ma ya cancanci a ba shugabansa wa'adin da zai ratsa zaɓe, yadda za a samu mai riƙe da zaren ko da gwamnati ta canja. Duk shawarar rufe iyaka da ba ta gaggawar yaƙi ba, a hana yanke ta sai majalisar zartarwa ta zauna, an kuma ji ta bakin gwamnatocin jihohin iyaka da sarakunansu.

Ran 29 ga Mayu, 2027, za a sake rantsar da shugaban ƙasa. In aka bi doka kamar yadda take a rubuce, wa'adin miƙa sunaye zai cika ran 28 ga Yuli, sa'ad da geron Gangara ya fara ɗaukar ciki, rumbuna kuma suka kusa kai ƙasa. A wannan karon Nijar ba ta cikin ECOWAS, saboda haka duk abin da zai tsare buhun Bagobiri a hanyar Gidan Rumji sai abin da ƙasashen biyu suka zauna suka daidaita tsakaninsu.